Daffon Zariya: Tarihin Makarantar Kuratan Soja da Zamanta da Birnin Zazzau

Gabatarwa

Wanda duk ya fita daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya ƙetare rafin Kubanni ya nufi wajen Sabon Gari, zai iske wani babban barikin soja wanda mutanen gari suke kira Daffo. A nan ne ake karɓar kurata, watau sababbin shiga aikin soja, a hore su har su zama cikakkun sojoji. An kafa wannan makaranta cikin 1924, saboda haka ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da shekara 38, ta kuma girmi mulkin kan Nijeriya da shekara 36. Mafi yawan ƙananan sojojin ƙasar nan, daga farabiti har samanja, ta wannan ƙofa suka shiga aiki.

Tsakanin ganuwar birni da shingen bariki tafiya ce ta 'yan mintoci, amma tarihi ya sa wata tazara a tsakaninsu wadda ta fi ta ƙasa nisa. Manufar wannan bayani ita ce a nuna inda tazarar ta samo asali, da yadda aka yi ƙoƙarin rage ta, da abin da ya saura. Al'amarin ya shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati kai tsaye, domin da kuɗin jama'a ake horon soja, kuma irin horon da aka ba shi shi ne zai nuna yadda zai riƙa ɗaukar jama'ar da ke ciyar da shi.

Mayaƙan Zazzau kafin zuwan Turawa

Zazzau ba baƙuwar yaƙi ba ce. Ganuwar da ta kewaye birnin, da labarin Sarauniya Amina, da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi, sa'ad da Malam Musa ya karɓi garin Sarki Makau ya fita ya yi kudu, duk shaida ce a kan haka. Amma tsarin mayaƙan wancan zamani ya sha bamban da na yanzu. Babu wata makaranta ta musamman da ake tara samari a koya musu yaƙi. Yaro yana koyon hawan doki da riƙon mashi a gidan ubangidansa, maharbi kuwa yana gadon baka da kwari daga ubansa. In rani ya yi, Sarki ya yi shelar yaƙi, sai kowane mai sarauta ya fito da barorinsa da bayinsa, Madaki ya ja dawaki, 'yan lifidi su kewaye Sarki, dakaru da 'yan baka su bi a ƙasa. In an dawo a raba ganima, kowa ya koma gonarsa ko sana'arsa.

Abin lura a nan shi ne mayaƙin wancan lokaci ɗan gari ne, an san gidansu, an san ubangidansa, in ya yi laifi an san wurin kai ƙara. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Yero da Sarki Kwasau, aka fara ganin ƙungiyar 'yan bindiga masu zaman dindindin a hannun Sarki, kuma tun a lokacin talakawa suka fara ɗanɗana abin da ke faruwa in makami ya shiga hannun wanda ba ya jin kunyar kowa a gari.

Asalin rundunar daga bakin teku

Rundunar da ta gina Daffo daga bakin teku ta taso. Ingilishi sun kama Ikko cikin 1861. Bayan shekara biyu, cikin 1863, wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover ya tara wasu 'yan tsirarun mutane masu jin Hausa ya ba su bindigogi, don su tsare garin su kuma raka shi wuraren da yake so ya nuna ƙarfi. Da yawa daga cikinsu bayi ne da aka sayar kudu suka gudu daga iyayengijinsu. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma daga wannan ƙaramar ƙungiya ce sojan Nijeriya yake ƙirga shekarunsa.

Dalilin zaɓen waɗannan mutane ba ɓoyayye ba ne. Baƙi ne a Ikko, ba su da dangi a cikin Yarabawa, ba su da wani mai kare su sai Baturen da ya ba su kaki. Wanda yake cikin wannan hali in an ce ya harba zai harba. Dabarar ta yi wa Turawa amfani har Glover ya kwashe su zuwa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki cikin 1886, shi ma ya kafa tasa rundunar a kan wannan tsari, da ita ya ci Bida da Ilori cikin 1897. A wannan shekara ce gwamnatin Ingila ta umarci Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, ya kafa Rundunar Tsaron Iyaka ta Afirka ta Yamma, saboda tsoron kada Faransawa su riga su mamaye ƙasashen Kwara. Daga baya aka narkar da sauran ƙungiyoyin a cikinta.

Ke nan tun daga tushe an gina rundunar ne a kan ƙa'ida guda: a ɗauki soja daga wani wuri, a yi aiki da shi a wani wuri dabam, a kuma raba shi da mutanen da zai yi aiki a kansu.

Yadda Zariya ta zama sansani

Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ya ce Arewa ta shiga hannunsu, ko da yake a lokacin bai mallaki komai ba sai bakin kogi. Cikin 1901 aka ci Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita ya shiga ƙasar Zazzau yana kai hare-hare. Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa. Suka zo cikin 1902, suka kama Nagwamatse, amma ba su koma ba. Suka ajiye sojoji da Razdan, Kyaftin Abadie, a bakin birni. Kafin shekara ta kewayo an tuɓe Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi cikin 1903. Dukansu biyu a Lokoja suka ƙare rayuwarsu, domin shi ma Aliyu daga baya an tuɓe shi.

Daga Zariya ne Kanar Morland ya tashi a ƙarshen Janairu 1903 da sojoji baƙar fata wajen 700, da igwa da bindigogi masu ruwa, ya bi ta Bebeji ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. Mutanen birni sun ga wannan duka da idonsu, sun kuma ji sojojin da suka yi aikin suna magana da Hausa. Ba abin mamaki ba ne da dattawan wancan zamani suka ɗauki shiga soja a matsayin abin kunya ga ɗan mutunci, kuma wannan ra'ayi ya daɗe bai gushe ba.

Kafa Daffo cikin 1924

Da aka haɗe Kudu da Arewa cikin 1914, sai aka haɗe sojojinsu suka zama runduna guda ta Nijeriya. Nan da nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, aka tura su Kamaru su yaƙi Jamusawa daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan Afirka ta Gabas. Yaƙin ya nuna cewa in mutane suna faɗuwa da yawa, ana bukatar wuri guda mai fitar da sababbi a kai a kai, masu horo iri ɗaya, waɗanda za a iya zuba su cikin kowace bataliya. Wannan shi ne aikin daffo a tsarin sojan Ingila, kuma shi aka kafa a Zariya cikin 1924.

In an dubi taswira za a ga abin da ya sa Zariya ta dace. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano cikin 1911 ta nan ta bi, an kuma haɗa ta da ta Ikko. Daga Zariya ƙaramin jirgin Bauci ya tashi zuwa Jos da Bukuru, daga baya kuma, cikin 1929, aka kammala reshen Gusau da Ƙaurar Namoda. Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa cikin 1917, tana kusa. Saboda haka ana iya kawo kurtu daga kowace kusurwa, a kuma tura shi ko'ina in ya gama. Bugu da ƙari, Turawa sun zo da wani ra'ayi daga Indiya, cewa wai akwai kabilun da aka halitta don yaƙi, akwai kuma waɗanda ba su dace da shi ba. A ganinsu mutanen Arewa, musamman na karkara waɗanda ba su yi boko ba, su ne suka fi jimiri da biyayya. Wanda ya yi makaranta kuwa suna ganin zai cika tambaya.

Su wane ne kuratan? Turawa suna kiransu Hausawa gaba ɗaya, amma da yawansu Hausa harshe na biyu ce gare su. Akwai Dakarkari daga ƙasar Zuru, da Zabarmawa, da Barebari, da Tibi daga Binuwai, da mutanen Filato da Adamawa da kudancin Zazzau, har da waɗanda suka ƙetaro daga ƙasashen Faransa, wajen Nijar da Cadi. Abin da ya haɗa su shi ne Hausa. Da ita ake koyarwa, da ita ake shari'a a bariki, kuma wajibi ne hafsan Bature ya ci jarrabawarta. Daga wannan cakuɗa ne aka sami irin Hausar da ake kira Barikanci, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. Ita kuma Hausa ta ci riba, domin ta nan ne kalmomi irin su soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, fareti, begila da gadurum suka shigo, har suka zama 'yan gida.

Rayuwar kurtu a wancan zamani mai tsanani ce. Ana auna tsawonsa da ƙirjinsa, likita ya duba shi, a yi masa aski, a ba shi lamba. Daga nan sai fareti safe da yamma, da koyon harbi, da tafiyar ƙasa mai nisa, galibi ba takalmi. Kayan ado na fareti kuwa jar dara ce da 'yar shara ja da ɗamara, da alamar itacen kwakwa a matsayin tambarin runduna. Bulala ba ta fita daga hukuncin sojan baƙar fata baki ɗaya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Iyakar muƙamin da zai iya kaiwa shi ne samanja. Misalin da aka fi sani shi ne Chari Maigumeri, wanda ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, ya komo wajen Ingilishi, ya yi yaƙin duniya duka biyu, amma sai da zai bar aiki cikin 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin Lokoja yana ɗauke da sunansa.

Bariki gari ne mai zaman kansa. Yana da kasuwarsa da limaminsa, matan soja kuma suna da magajiyarsu mai sasanta rigingimu. Ba ya ƙarƙashin Sarki, ba ya zuwa gaban alƙali. Wannan ya dace da yadda Turawa suka yanka Zariya: birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada na baƙi 'yan Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu da ma'aikatan jirgi, sa'an nan unguwar Turawa da ta soja. Har yau in Bahaushe ya ce wane ɗan bariki ne, ba yabo yake nufi ba, yana nufin wanda ya fita daga idon iyaye da na unguwa.

Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙin Hitila ya canja Daffo ƙwarai. 'Yan Nijeriya fiye da 100,000 ne suka sa kaki tsakanin 1939 da 1945, aka riƙa neman kurata ta hannun sarakuna da hakimai, wani da son ransa, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi. Cikin 1941 sojojin Nijeriya suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha. Cikin 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya da Bama su yaƙi Japan. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne, watau ɗan'uwan Gizon tatsuniya a wajen mutanen Asante.

A ƙarshen 1943 aka ware bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka sa su cikin wata runduna ta musamman a ƙarƙashin Janar Orde Wingate, wadda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba cikin kurmi. Sunan rundunar Chindit, an samo shi daga sunan gunkin zaki da mutanen Bama suke kafawa a ƙofar ɗakunan ibadarsu. Wannan ne asalin sunan Barikin Chindit na Zariya, inda Daffo take. A lokacin kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce take kai wa iyalan soja labarin fagen fama da Hausa.

Yaƙin zamani yana bukatar direbobi da makanikai da masu waya da akawuna da ma'aikatan asibiti. Dole aka buɗe ƙofa ga 'yan makaranta, waɗanda yawancinsu daga Kudu suke, Turanci kuma ya fara ture Hausa daga matsayinta na harshen aiki. Sakamakon haka sai rundunar ta rabu gida biyu: masu riƙe bindiga galibi 'yan Arewa, masu sana'a da alƙalami galibi 'yan Kudu. Wannan rabuwa ta zama matsala babba bayan shekara ashirin.

Daga sojan Sarauniya zuwa sojan ƙasa

Da mulkin kai ya gabato, sai aka shiga gyare-gyare. An fara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa a ƙarshen shekarun 1940, ana fara horonsu a Teshi, a bakin teku kusa da Ankara ta Ghana, sa'an nan a ƙarasa a Ingila. Zariya ta ba da nata rabo ta hanyar Kwalejin Barewa, wadda ta dawo garin cikin 1949. Daga cikin ɗalibanta akwai Zakariya Maimalari, da Yakubu Gowon wanda ya tashi a Wusasa, da Murtala Muhammed. Cikin 1954 aka buɗe Kamfanin Yara a gefen Daffo, da yara 30 a ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey, don a raini ƙananan shugabanni masu ilmi. Shi ne ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya cikin 1960. A nan ya kamata a bambance: Daffo kurata take horarwa, hafsoshi kuwa a Kaduna ake horonsu, a makarantar da aka buɗe cikin 1960 wadda ta zama Kwalejin Tsaro cikin 1964.

Cikin 1958 ikon rundunar ya bar hannun Ofishin Yaƙi na Landan ya dawo hannun gwamnatin Nijeriya. A wannan lokaci aka kawo tsarin kason jihohi wajen ɗaukar kurata: kashi 50 cikin ɗari daga Arewa, 25 daga Gabas, 25 daga Yamma. Cikin 1961, zamanin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu yake Ministan Tsaro, aka shimfiɗa tsarin a kan hafsoshi. Manufar ita ce kowane ɓangare ya ga ɗansa a cikin kaki. Amma juyin mulkin Janairu da na Yuli 1966 sun nuna cewa ƙirga kawuna kaɗai bai isa ya haɗa zukata ba, domin sojojin da suka ci tuwo a akushi ɗaya sun juya wa juna bindiga.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga mutum wajen 10,000 zuwa wajen 250,000. Babu makarantar da za ta iya ɗaukar wannan nauyi. Aka gajarta horo ƙwarai, aka kuma kira mazan jiya na yaƙin Bama su dawo. Bayan yaƙi ƙasa ta kwashe shekaru tana fama da sojoji masu yawa, ba isassun barikoki, suna haya a cikin gari, ana yawan samun saɓani tsakaninsu da farar hula. Darasin a fili yake: watannin da aka rage a filin horo, jama'a ce take biyan bashinsu daga baya. Tsarin mulki na 1979, da na 1999 bayansa, sun tanadi cewa dole rundunar ta ƙunshi 'yan kowane sashe na tarayya, saboda haka ake raba guraben kurata jiha jiha.

Birni da bariki

A tsarin da aka saba, kurtu yakan yi kimanin wata shida a Daffo. Yana koyon fareti da sarrafa makami da dabarun daji da karatun taswira da dokokin soja, sa'an nan ya yi rantsuwa, a yi faretin yaye a gaban manya da iyaye. Waɗanda suka fita daga nan sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, da Labanan, da Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sun kuma ba da rayuka masu yawa a yaƙin Arewa maso Gabas tun daga 2009. Garin Zariya ma ya amfana, ta wajen ciniki da kwangilar abinci da auratayya, kuma ɗan birni ya daina ganin kaki a matsayin abin kunya. Yanzu masu neman shiga sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba.

Duk da haka tsohuwar tazarar takan nuna kanta. Ran 12 ga Disamba 2015, ranar da Babban Hafsan Sojojin Ƙasa ya zo Zariya don faretin yaye kurata, rikici ya ɓarke a kan hanya tsakanin ayarinsa da mabiya Harkar Musulunci, ya ci gaba har kwana biyu. Hukumar binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ta ba da rahoto cikin 2016 cewa fiye da mutum 300 sun rasa rayukansu, ta ɗora wa Harkar laifin tare hanya da ƙin bin doka, ta kuma ce sojoji sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima. Ko ta wace fuska aka dubi al'amarin, ya nuna cewa tambayar yadda soja zai fuskanci ɗan ƙasa a kan titi ba ta tsufa ba.

Kammalawa

Daffon Zariya ta cika shekara ɗari cikin 2024. Waɗanda suka kafa ta sun so soja mai biyayya ga ubangida baƙo, wanda ba ruwansa da mutanen gari, kuma sun samu. Nijeriya ta gaji ginin da filin fareti da yawancin al'adun, amma bukatarta dabam ce: tana son soja wanda zai bi umarni, ya kuma san cewa mai sayar da rake a Ƙofar Doka yana cikin waɗanda ya rantse zai kare. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wata shidan nan na Daffo su ne ɗanyantakar soja. Saboda haka abin da ake koyarwa a cikinsu, da yawan kuratan da ake ɗora wa malami guda, da abincin da ake ba su, da gaskiyar yadda aka zaɓo su daga jihohi, ba sha'anin soja kaɗai ba ne. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar shaidar asalin mai neman shiga, da wanda ke tsara kasafin kuɗin horo, da ɗalibin da gobe zai zauna a kujerunsu, kowannensu yana da hannu a irin sojan da zai fito ta ƙofar Barikin Chindit.